Guguwar Takarda

"Baffa, ɗauke hannunka, fentin bai bushe ba!"

Bai ɗauke ba. Ƙanen mahaifina yana tsaye gaban teburin aikina, ya ƙura wa ƙaramin jirgin ruwan da na sassaƙa ido. Kwafin wanda ya nutse da Baba ne, shekara ashirin da suka wuce. Su tara ne a ciki, Baffa kaɗai ya fita da rai.

Mako uku ina fama da ruwan da jirgin zai zauna a kai. Na cukuikuye takarda mai kaushi, na jiƙa ta da gam, na tattaro ta da yatsu har ta yi tudu-tudu. Na shafa shuɗi mai duhu, na ɗiga fari a kan kowace igiyar ruwa. So nake Inna ta ga guguwar da Baffa ke ba mu labari tun ina ƙarami.

Sai ga tafin hannunsa yana danne igiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Haba Baffa! Ka lalata min aiki!"

"Ba haka ruwan yake ba," in ji Baffa. "Kwance yake luf, ko iska babu."

"To guguwar fa?"

Inna ta ja ta tsaya a bakin ƙofa. Baffa ya dubi shuɗin da ya ɓata masa hannu.

"Ni ke riƙe da sitiyari, ɗana. Barci ya sace ni, muka hau dutse. Guguwar a bakina ta taso."