Kwamfutar Da Ya Goge

Sabar kamfanin ta cika har tana nishi, masu hulɗa da su a Lahore suna ta bugo waya da faɗa. Mai kula da sabar ya bi kwamfutocin da ke zaune a cikinta, waɗanda ba su da jiki sai suna, yana neman wadda zai sadaukar don a samu wuri. Idonsa ya faɗa kan wata ƙarama da ƙaninsa ya kafa kafin su ɓata, kafin haɗarin babur ya ɗauke shi ba su shirya ba.

"Bhai, ɗan'uwa, mu kwafe ta tukuna mana," in ji abokiyar aikinsa.

"A ajiye ta ina? Shirmensa ne kawai, har ya mutu yana cin mini wuri."

Ya danna, ya goge ta. Sabar ta sarara, aka kawo shayi da samosa, kowa na yi masa sannu da ƙoƙari.

Washegari da hantsi mahaifiyarsa ta kira daga Multan.

"Ɗana, ko wayata ce ta lalace? Yau ƙaninka bai kira ba."

"Ammi, wane irin kira kuma?"

"Na kowace safiya mana. Ya naɗi muryarsa, sai wayar ta yi ƙara ya ce, 'Ammi, a sha magani, ban da wayo.' Na san ya rasu, ban ruɗe ba. Ina dai amsa masa ne. Kai da ka san kan na'ura, za ka gyara mini, ko?"