Muryar Baba

Dakta ta gyara wa Baba hular wayoyin a kansa, ta kunna na'urar.

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau, Uwata," in ji lasifikar da ke gefen gado, da muryarsa sak.

Dakta masaniyar ƙwaƙwalwa ce. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da mahaifinta, ya raba shi da magana da motsi, sai ta ajiye komai ta duƙufa kan abu ɗaya: na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta karanta saƙon ƙwaƙwalwa ta mayar da shi magana. Waɗanda ake da su a kasuwa ba sa jin yaren gidansu. Ita ta koya wa tata da tsofaffin saƙonnin muryar Baba, da hirarrakin da ta riƙe a ka. Ranar da na'urar ta fara cewa "Uwata", durƙusawa Dakta ta yi a ƙasa tana kuka.

Labari ya bazu. Asibitoci suka shiga layi, iyayen marasa lafiya suka yi ta kiran wayarta.

Wanta ne kaɗai bai saki jiki ba.

"Baban da ke faɗa in gishiri ya yi yawa?" ya ce. "Yanzu komai sai ya ce madalla?"

"Ciwo ya sanyaya shi, Yaya. Kai ma da ka gwada."

Ya yi dariya ba don ya so ba, ya bar maganar.

Nas ɗin da ke jinyar Baba ta lura yana yawan zufa, wani lokaci hawaye na gangarowa har cikin kunnensa. Ta tambaye shi ko wani wuri na masa ciwo. "Babu komai, 'yata," in ji na'urar. Da aka yi ta samun wannan amsa, sai aka rage masa maganin raɗaɗi, daga baya aka daina. Hular ma aka bar cire ta, don kada ya so magana a rasa mai ji.

Safiyar da za a sa hannu a kai na'urar asibitoci, Dakta ta makara. Ta leƙo daga bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Nas na sunkuye a kan gadon, ta ba ta baya.

"Baba, zan tafi. A sa mini albarka."

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Yau ma jikin da sauƙi."

Ta yi murmushi, ta juya za ta fita.

"Dakta," in ji nas, tana riƙe da hannun Baba. "Jikinsa ya riga ya sandare. Baba ya daɗe da cikawa."