Ruwan Da Aka Hana Lukuman

Kwana biyu ke nan Lukuman yana gudawa. Yaro ne ɗan wata goma sha ɗaya, ɓulɓul da shi, har ya fara dafa bango yana takawa, amma ran nan ko zama ya gagare shi. Uwarsa Kubura ta wanke tsummoki har igiyar shanya ta cika. Ita mutuniyar Kalgo ce, aure ya kawo ta Kambaza gidan Sambo manomi. Lukuman ɗan farinta ne, don haka kunya ba ta barinta ta kira sunansa, balle ta nuna damuwa a gaban surukarta.

Da ƙyar ta shawo kan mijinta ya ajiye fartanya, ya ɗauke su a keke zuwa wani ƙaramin asibiti a Gwandu. Ma'aikaciyar da suka tarar, Malama Jummai, ta duba idon yaron, ta ja fatar cikinsa.

Ta ce, "Ruwan jikinsa ke ƙarewa. Ki tafasa ruwa cikin kwalbar lemo biyu, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, da sukari ƙwaya biyar. Ki riƙa ba shi da cokali, kada ki daina ba shi nono. In ya ƙara laushi, ku dawo nan take."

Sambo ya ce, "Allurar fa?"

"Ba ya bukatar allura, Malam."

Ba su kai ga keke ba Sambo ya fara faɗa. "In baro noma tsakiyar damina, in tuƙo keke tun daga Kambaza, a ce mini gishiri da sukari? Koko za mu dama? Sun gan mu mutanen ƙauye ne. Da ɗan wani babba ne, da tuni an yi mishi allura."

A gida, Inna Zulai, uwar Sambo, ta karɓi jikanta ta sa yatsa a dadashinsa. "Haƙori ne. Ɗiya takwas na haifa, wa zai koya mini? Yaro mai zawo ba a ba shi ruwa, abin da ya shiga shi ke fita. A bari cikin ya tsane."

Sambo ya sayo kafso ja da rawaya wurin mai talla, aka ɓare aka ɗura wa yaron. Ba don ƙiyayya suka yi ba. Duk gidan babu wanda ya kai Inna son Lukuman.

Washegari da hantsi Kubura ta faki ido ta haɗa ruwan a ɗakin girki. Cokali na farko yaron ya riƙe hannunta gam, yana zuƙa kamar zai haɗiye cokalin. A na biyar ya ɗan yi amai. Daidai lokacin Inna ta leƙo.

"Kin gani ko? So kike ki kashe mini jika?" Ta fizge kwanon ta watsar a tsakar gida.

Kubura ta tsaya tana kallon yadda ƙasa ke shanye ruwan. Kalgo da nisa, ba ta da wanda za ta aika, kuma ba ta fita sai da izini.

Kwana biyu bayan haka idanun Lukuman suka zurma, maɗigarsa ta faɗa. Yana kuka, babu hawaye. Tun jiya bai jiƙa zane ba. Inna ta kwaɓa garin magani ta shafa masa a ka. Da aka sa masa nono ya kasa kamawa, sai Kubura ta ajiye kunya, ta durƙusa gaban mijinta.

"Maigida, don girman Allah, dubi yaron nan."

Sambo ya duba. Abin da ya gani ya sa ya fita ko hula babu. Tayar kekensa ta fashe, kuma ba ranar kasuwa ba ce, mota ta yi wuya. Suka tsaya a bakin hanya tun hantsi har azahar kafin wata akori-kura ta tsaya musu.

Ana hango gidajen Gwandu Kubura ta ji yaron ya yi nauyi a cinyarta. Ta sunkuya ta ce, "Lukuman." Ran nan ta fara kiran sunansa. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ci gaba da jijjiga shi har ƙofar asibiti. Malama Jummai ta buɗe zanen, ta mayar ta rufe, ta yi salati. Ba ta yi musu faɗa ba.

Ranar uku 'yan Kalgo suka zo gaisuwa. Larai, yayar Kubura, tana goye da 'yarta, ta zauna kusa da ita ta ce a hankali, "Wannan ma watan jiya haka ta yi, har na fid da rai. Ruwan gishiri da sukarin nan da ake faɗa a rediyo, shi na yi ta ba ta kwana uku. Ku ba a gaya muku ba?"

Sambo, da ke bayan zana yana karɓar gaisuwa, ya ji kowace kalma. Ya miƙe ya bar baƙinsa, ya nufi gona. A can aka same shi zaune a kan kunya, gero ya rufe shi, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Jama'a, rai na Allah ne, amma Shi ya umarce mu da neman magani. Yaro mai gudawa ruwa yake bukata, kada a hana shi. Kada mu raina shawarar ma'aikatan lafiya don ba ta zo da allura ba, kuma idan uwa ta ce ɗanta ba ya lafiya, a saurare ta tun da sauran lokaci.