Katin Bayan Madubi

Mota ta tara ke nan da ya leƙa, ita ma ba ita ba ce.

Duk farare ne, duk ƙananan jif ɗin China, an jera su a tashlih, filin da ake fiɗe matattun motoci a bayan garin Jidda. Rana ta take, gumi har cikin takalminsa. Badr mai filin kuwa bakinsa ba ya gajiya. Wannan mota, in ji shi, a China aka fara ƙera ta. Da ta samu karɓuwa sai aka riƙa tura ta gunduwa-gunduwa cikin kwantena, a haɗa a Masar, a haɗa a Pakistan, har Barazil, kowace ƙasa da sunan da ta laƙaba mata. Fuska ɗaya, fitila ɗaya. In ba ka tsuguna ka karanta lambar shasi ba, wallahi ba ka sanin inda aka haife ta.

Shi dai gyaɗa kai yake yi. Larabcin Badr gudu yake, shi kuwa tun bayan haɗarin ya daina doguwar hira da Larabawa.

Badr ya sake duba iƙamar, katin izinin zama, da ya karɓa a ƙofa. "Sa'ud Abdulmumin. To me za ka yi da gawar mota, ya Sa'ud?"

"Ajiya na manta a ciki."

Ajiyar ba ta kai farcen yatsa ba. Kati ne a cikin kyamarar da ke bayan madubi, wadda ke ɗaukar hanya, ta ɗauki na cikin mota har da muryoyinsu. Wata goma sha ɗaya bai tuna da shi ba, sai shekaranjiya da Tahani 'yar maƙwabta, mai irin motar, ta yi suɓul da baka a gaban Hajiya Mastura, mahaifiyar Sa'ud. Tsohuwar ta kafe. Gobe bayan Juma'a Tahani za ta kawo ta nan da kanta, ta ji maganar Rilwanu ta ƙarshe, a tura wa uwarsa Kano.

Hajiya ba ta gani, shekara biyar ke nan, ga hawan jini. Abin da ke cikin katin nan in ya shiga kunnenta, ba za ta kai Asabar ba. Dole ya riga ta.

Rilwanu ɗan ƙanwarta Zubaidatu ne. Umara ya zo ya maƙale, ba takarda, ba kafili mai tsaya masa, kullum zuciyarsa a hannu in ya hango motar 'yan sanda. Hajiya ta haɗa shi ɗaki ɗaya da Sa'ud, ɗanta tilo, haifaffen Jidda. Kamarsu ta ɓaci, har masu shagunan unguwar Ammariyya kan gai da wannan da sunan wancan. Ranar wata Talata suka hau hanyar Makka su biyu, babbar mota ta ƙwace ta yo kansu. Ɗaya ya dawo da fuska a ɗinke. Ɗayan aka sallace shi, aka rubuta baƙo marar takarda.

Tun daga nan bai sake riƙe sitiyari ba. Ya bar aikin kamfani inda ake dangwala yatsa kowace safiya, ya koma dako a kasuwar Balad. Ya matsa wa Hajiya suka tashi daga Ammariyya zuwa Bagdadiyya, inda ba wanda ya san su. Duk Juma'a in Zubaidatu ta bugo waya tana kuka, sai ya zura takalmi ya fice, ya je bayan masallaci ya yi nasa.

Motocin kuma ba su ƙyale shi ba. Jidda ta cika da su, kowace danja sai ka ƙirga uku. A kowace fara yakan ga fuskar mamacin a bayan gilashi, tana kallonsa, ba fushi, ba murmushi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

"Ga ta can," in ji Badr, yana gwada lamba da takarda. "Haifaffiyar China ce wannan, ba haɗi ba."

Gefen direba ya lotse ya haɗe da sitiyari kamar gwangwanin da aka taka. Ɗaya gefen kuwa ko gilashin ƙofa bai fashe ba. Badr ya dubi ƙarfen, ya dube shi.

"Daga nan ka fito da rai? Subhanallah. Yalla, ka yi sauri, ranar Lahadi za a matse ta."

Ya jira har Badr ya ɓace a bayan tarin tayoyi. Ya buɗe ƙofar dama ya zauna, kujerar ta karɓe shi daidai. Cikin motar na warin ƙura da tsohon turare. Ya miƙa hannu bayan madubi ya zaro katin.

Karya shi ya zo yi, shi ke nan, halas. Yatsunsa suka ƙi. Sai ga shi ya sa katin a waya.

Hanyar Makka ta bayyana, fes da rana. Maza biyu masu fuska ɗaya a gidan gaba. Na kan sitiyari yana dariya, yana zuba Larabci yana surkawa da Hausarsa ta 'yan Jidda. Can ya waiga, ya ga na kusa da shi bai ɗaura bel ba, ya daki kafaɗarsa.

"Rilwanu."

"Na'am," bakinsa ya riga shi, shi kaɗai a cikin matacciyar mota, karo na farko cikin wata goma sha ɗaya da ya amsa sunansa na yanka.