Gaisuwa da Baki

Tun da kamfanin manhaja na Tsamiya ya ce gaisuwa tana cin lokacin aiki, aka rataya wa kowa 'yar na'ura a wuya, ita ke gaisawa a madadinsa. Ranar da Ladidi ta dawo aiki daga zaman makokin mahaifiyarta, na'urori arba'in suka ce mata "Ya haƙuri?" da murya ɗaya, ba wanda ya ɗago kai.

Da hantsi manaja, Malam Sanda, ya aika a kira ta. Ta san dalili: kwana uku aka ba ta, ta yi bakwai.

Tana shiga ya rufe ƙofa, ya cire na'urarsa, ya karɓi tata, ya jefa su a aljihun tebur. Ya yi gyaran murya sau biyu, kamar mai laluben karatun da ya manta.

"Ladidi, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Inna."

Ta sauke ajiyar zuciya, hawaye suka zubo mata. "Amin, ranka ya daɗe."

"Koma bakin aikinki, ba mai taɓa ki."

Daga cikin aljihun teburin, wata siririyar murya ta ce, "Minti biyu sun tafi."