Zanen Gwaggo Furera

Sammani yana tsugune a zauren Alhaji Babaji, gaisuwa ko ƙarewa ba ta yi ba, Alhajin ya kaɗa mukullan sabuwar Marsandinsa ya ce, "Ran Asabar za ka raka ni kallon wasa a dandalin Ƙofar Sauri. Kusa da ni za ka zauna, in Allah ya so."

Sammani ya ce to.

Dandalin nan tsoho ne. Kafin a zagaye shi da katanga a yi masa dakali da bencina, fili ne da iyayenmu mata suka yi gaɗa a cikinsa suna 'yan mata. Da kuɗin mai suka shigo aka shafe shi da fenti, aka ja lantarki har da lasifika, amma abu ɗaya bai canza ba: mace ba ta hawa dakalin. In wasa ya buƙaci mace, gardi ne zai ɗaura zane, ya lulluɓe har hanci, ya maƙale murya. A duk Katsina babu macen wasa kamar Gwaggo Furera, tsohuwa mai bakin tsiya. Gwaggo Furera kuwa Sammani ne, akawun ofishin gona, mai neman auren Saudatu ɗiyar Alhaji.

Shi Alhaji, ɗan kwangilar siminti, yana son kallo kamar ransa, amma ya rantse ba zai ba ɗiyarsa namijin da ke ɗaura zane ba. Ƙishin-ƙishin cewa Sammani ne Gwaggo ya kai kunnensa, shi ne ya ɗana tarkon nan, kuma a faɗi gaskiya ya iya. In Gwaggo ta fito kujerar Sammani ba kowa, an kama shi. In Sammani ya zauna Gwaggo ba ta fito ba, an kama shi dai.

Ya garzaya wurin Mati, shugaban 'yan wasa, ƙanen mahaifiyar Saudatu.

"Kawu, na shiga uku. Saudatu za ta kuɓuce mani."

Mati ya saurara har ƙarshe, ya sosa gemu. "Kawo kayan. Kai je ka zauna da surukinka."

"Wa za ya iya muryar?"

"Ina ruwanka?"

Sammani ya san 'yan wasan nan sarai, duk cikinsu babu wanda muryarsa ba ta fi ta jaki kauri ba. Haka dai ya kawo zanen da lulluɓin, har da igiyar da yake ɗaure ƙugu da ita tun ranar da zanen ya kwance masa a gaban jama'a.

Asabar bayan la'asar dandali ya cika maƙil. Alhaji ya zo cikin nishaɗi, babbar riga tana ƙara. Ya ce yau kunnensa ya huta, matarsa Hajiya Kulu ta tafi suna Ƙofar 'Yandaka tun hantsi. Ya dafa gwiwar Sammani, bai kuma ɗauke hannun ba. Sammani kuwa yana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Aka buga kalangu. Aka ja labule. Sai ga Gwaggo Furera, tana dogara sanda tana mita.

Sammani ya saki baki. Muryar ta fi tasa, abin har ya ɗan ba shi haushi. Ya dubi ƙafafun, lalle ya kama baƙi ƙirin. Wane gardi ne ya zauna aka yi masa ƙunshi saboda wasan yini ɗaya? Shi jan alli yake gogawa.

Can Gwaggo ta watsar da maganganun da aka saba, ta shiga kwaikwayon wani sabon mai kuɗi. Ta kaɗa mukullai. Ta nuna yadda tari ke sarƙe shi da zarar an ambaci cefane, ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu, ya tuna ana jiransa a wurin aiki. Dandali ya kece da dariya. Alhaji ya yi ta yi har hularsa ta faɗi.

"Ɗan banzan nan," in ji shi yana share hawaye, "sai ka ce a gidana yake kwana."

Ya hau dakalin ya shiga yi mata liƙi da sababbin nairori. Gwaggo ta rusuna ta ce, "Allah shi ƙara arziki, Alhaji. Ashe hannun yana buɗewa, in ba a gida ba."

Da ya dawo ya zauna, ya dubi Sammani, ya dubi dakali. "Mahassada ne, yaro. Ka turo magabatanka."

Daɗi kamar ya kashe Sammani. Ana tashi ya zagaya ɗakin canza kaya don ya yi wa gwanin godiya, amma Gwaggo ta ɓace. Igiyarsa kawai ya gani rataye a ƙusa, ko taɓa ta ba a yi ba. Ya tambayi Mati, Mati ya ce shi ma bai ga fitar mutumin ba, yana faɗa yana cizon leɓe.

Washegari da hantsi, bayan Alhaji ya fita, Sammani ya shiga cikin gida gaida surukarsa. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Hajiya Kulu ta amsa daga bayan labule, a hankali, cikin kunya irin ta surukai. Ya yi mata ban gajiyar suna, ta ce gajiya ta bi lafiya, taro kuwa ya yi jama'a.

Yana shirin miƙewa sai wani hannu mai baƙin lalle ya turo zane ta ƙasan labule, a wanke a ninke, muryar Gwaggo Furera ta biyo shi: "Tun ba a haife ka ba nike wasa a filin nan, Sammani. Ungo zanenka, ka je ka koyi ɗauri, igiya ta akuya ce."