Sunan da Baba Bai Rubuta Ba

Bayan sadakar arba'in, ta zauna a ɗakin marigayi mahaifinta a unguwar Fadaman Mada, bayanta na ciwo. Fayil dubu tara ya bari a kwamfuta, ba ta da ƙarfin buɗe su ɗaya-ɗaya. Ta buga umarni a baƙin allo, kwamfutar ta wuni tana tattara kalmomin ciki don a iya nema.

Da la'asar ta nemi sunanta. Babu ko ɗaya.

"Dama na sani, Inna. Bai taɓa damuwa da ni ba."

Mahaifiyarta ta leƙo. "Ke, sunan uwarsa fa gare ki. Ina zai iya rubuta shi? Sa 'Uwata'."

Ta sa. Layuka suka cika allon, suka yi ta gangarowa, har ta daina gani sosai.